Zaren Awon Inuwa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Ke Tasalla, bar ƙofar nan a rufe. Daga ƙasar Bulgariya na zo da labarin nan, lokacin da nake karatu can, kuma wata tsohuwa ce ta ba ni shi a gindin tsaunin da abin ya faru.

A kan tsaunin akwai tsohuwar ganuwa ta dutse. Shekara ɗari shida da suka wuce gari guda ne a cikinta, da hasumiya, da coci, da rijiyar tara ruwan sama. A shekarar da aka ji rundunar Turkawa ta doso, sai bangon gabas ya zube. Aka ɗora, ya zube. Aka sake, ya sake.

Shugaban magina sunansa Radul, mutum mai taurin kai, ba ya son a ga gazawarsa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Dobra, gwanar kaɗin ulu. Duk zaren awon da yake aiki da shi, ita ke kaɗa masa.

Mai ganuwa, wato sarkin garin, ya kira shi, ya ce, "Ka san abin da magina ke yi in bango ya ƙi tsayawa. Je ka yi."

Radul ya sani. Akan auna inuwar mutum da zare ba da saninsa ba, a naɗe zaren, a binne a cikin gini. Bango ya tsaya. Mai inuwa kuwa ba ya wuce kwana arba'in.

Ya duba garin, kowa nasa ne. Sai ya sauka shi kaɗai zuwa hanyar fatake, ya zauna jiran baƙo. A ganinsa baƙo ba shi da mai yi masa kuka.

Da la'asar tsuntsaye suka yi tsit. Wani dogon mutum ya ɓullo, lulluɓe da bargo. Hanyar duk tsakuwa ce, amma ba a jin takunsa.

"Sannu, magini."

Radul bai gaya masa sana'arsa ba. Kuma sai da leɓen mutumin ya rufe sannan muryar ta iso.

Radul ya miƙa masa goran ruwa. Mutumin ya juya baya yana sha. Radul ya sunkuya kamar mai gyaran takalmi, ya duba ƙasa. Babu inuwa. Ya murtsuke ido, ya ajiye bakin zaren, sai ga inuwa ta shimfiɗu. Gajera ce, ga kuma wani abu kamar kitso biyu a kafaɗarta. Ya ce a ransa rana ce ke masa wasa da ido. Ya auna, ya naɗe.

Baƙon bai juyo ba ya ce, "Zaren nan da kyau. Wa ya kaɗa?"

"'Yata."

"To."

Kafin faɗuwar rana Radul ya binne zaren, ya toshe da dutse. Bango ya tsaya kyam. Aka yi ta yaba masa, yana ta hura hanci.

Ran kwana na uku da hantsi ya tarar da Dobra tana shanyar ulu a tsakar gida. Ga inuwar igiya. Ga inuwar ulu. Ga ta kyanwa a gefe. Ƙarƙashin ƙafar Dobra kuwa ƙasa ce wayam.

Nan ya tuna inuwa mai kitso biyu da ya auna.

Daga ranar ta fara ramewa. Zare ya riƙa tsinkewa a hannunta. Takan ce, "Baba, sanyi nake ji, rana ratsa ni take yi." Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita. Kunya da baƙin ciki suka hana shi ci.

Ya je ya faɗi gaban mai ganuwa ya roƙi a bar shi ya cire dutse ɗaya. Aka kore shi, aka sa masu gadi a bangon.

Ran kwana na talatin da tara Turkawa suka iso ƙofar yamma. Kowa ya ruga can, har masu gadin. Radul ya ɗauki gudumarsa ya nufi gabas. Ya fasa dutsen, ya zura hannu, ya zaro zaren.

Bangon ya yi nishi. Ƙasa ta fara zubo masa a ka.

"Za ka tafi da shi?"

Baƙon ne, zaune a kan dutse, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba.

"Ni ba ni da inuwa, magini. Da zare bai samu tawa ba, sai ya jawo ta hannun da ya kaɗa shi."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kai ka gaya mini abin da kake aunawa?"

Radul ya duba zaren da ke hannunsa. In ya tafi da zaren, bango ya faɗi, Turkawa su shigo kan Dobra. In ya mayar, gobe a binne ta. Ya kama gefen rigarsa zai farke zare, sai ya tuna ita ta kaɗa shi. Wandon ma haka. Duk abin da ke jikinsa aikin hannunta ne.

Ya zaro wuƙa ya yanke gashin kansa. Ya zauna ya murza shi a cinya, da hannunsa, har ya yi tsawo.

Baƙon ya karɓa. "Tsaya daidai."

Ya auna shi tun daga diddige har ka. Radul ya cusa gashin a ramin, ya toshe. Bangon ya yi shiru.

Da ya isa gida ya sa zaren a tafin Dobra. Nan take inuwarta ta warware a ƙasa, da kitsonta biyu. Ta yi dariya, rabonta da dariya wata guda. Sai idonta ya sauka kan ƙafarsa.

"Baba, ina taka?"

Ya ce, "Na bar ta a wurin aiki."

Bangon gabas bai faɗi ba. Rijiya ce ta ƙafe, mutane da kansu suka buɗe wa Turkawa ƙofa don ƙishirwa. Radul ya ga wannan da idonsa kafin kwanakinsa arba'in su cika. Dobra ta tsira, ta tsufa a ƙauyen gindin tsaunin, ba ta ƙara taɓa mazari ba.

Yau garin duk ya zama kufai, bangon nan kaɗai ke tsaye. Makiyaya sun ce da la'asar sukan ga wani tsoho mai yankakken gashi yana shafa duwatsun. Ba ya cutar kowa. Dogon da ke binsa a baya shi ne abin tsoro.

Saboda haka in ƙafa ta kai ɗayanku can, kada ya hau hanyar nan shi kaɗai. In kuma wani ya sunkuya kusa da ku kamar mai gyaran takalmi, ku koma gindin itace, inda inuwarku za ta ɓuya. Tasalla, kashe fitilar, ta ishe mu da inuwa.