Matasan Kai da ke Kogon Rimi

Ku matso kusa. Uwani, rage fitilar nan.

Kun san Ilu mai ɗinkin katifa, wanda kullum kuke gani yana gyangyaɗi a zaune? Ba tsufa ba ne. Hassada ce.

Shi da Mati rumfarsu ɗaya a kasuwa, duk audugar rimi suke ɗurawa. Amma katifar Mati, in ka kwanta sai an tashe ka sallar asuba. Ta Ilu kuwa wata uku ta dunƙule. Masu saye su wuce Ilu, ko sannu babu, su tsaya gun Mati. Abin yana cin sa. Har ramewa ya yi, wallahi.

Sai ya fara bin sawu. Ya gano daga tsohon rimin bayan maƙabarta Mati yake tsintar audugarsa. Abin da bai sani ba, duk shekara Mati kan ɗinka ɗan matashin kai da tsintar farko, ya ajiye a kogon rimin, ya yi sallama ya tafi.

Ilu ya bari sai da sawu ya ɗauke, ya fita da buhu shi kaɗai. Ya tsince audugar da ke ƙasa tas. Ya haska kogon, ya ga matasai jere, har goma sha biyu. Ɗinkin Mati ne. Zuciya ta ɗebe shi, ya farke su duka, ya juye a buhu.

"Sannu da aiki."

Wani tsoho ne a tsugune. Muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Yauwa, Baba."

"Ta Mati kake so?"

"Auduga ai ba ta da mai ita."

Ya sunkuya zai ɗaure buhu, sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun tsohon. Dugadugai a gaba, yatsu a baya.

"Ɗauka, na ba ka," in ji tsohon. "Amma a kanta nake kwana."

Da mai hankali ne, da ya yar. Amma ya tuna Mati, ya rungumi buhu, ya zura da gudu.

Kwana biyu ya ɗura katifa, laushi ba a magana. Ya ce bari ya fara gwadawa. Ya kwanta. Gadon ya yi ƙara sau biyu. Gefensa ya lotsa a hankali. Ya ji numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

"Matsa."

Ya ƙone katifar, ya koma tabarma. Aka ce matsa. Ya ɗinka matasai goma sha biyu ya kai kogon. Da safe ya tarar da su a ƙofar ɗakinsa. Daren nan aka raɗa masa, "Naka da tauri. Na Mati nake so."

Mati ya ji labari, ya zo har gida ya ce zai ɗinka masa kyauta. Ilu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce gara ya mutu a zaune.

Shekara ashirin ke nan haƙarƙarinsa bai taɓa ƙasa ba.

Kada in ji ɗayanku ya bi hanyar rimin nan shi kaɗai. Kuma in kun kwanta yau, ku bar ɗan wuri a gefe.