Rediyon Da Aka Yanke Wa Wuta

Yamma ce irin ta kullum. Rana ta yi ja a kan katanga, matar gidan tana kwashe shanya, shi kuwa maigidan yana zaune cikin ƙaramar motar da ya sayo, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana shafa sabon allon da ya ɗora mata a gaba kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Sana'arsa ke nan: cire rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani, a sa mata na zamani mai allon taɓawa da kyamarar baya. Abokan aiki suna kiransa Almakashi, kuma ba a banza ba. Sauran masu aikin sukan nemo mahaɗin da ya dace da soket ɗin mota su jona a hankali, yadda ko gobe mai mota ya nemi tsohon rediyonsa sai a mayar masa. Shi ba shi da wannan haƙurin. Filaya ɗaya, ƙaras, ya datse wayoyin daga gindin soket, ya murɗe, ya naɗe da salatif, ya kakkaɓe hannu. In an yi masa magana sai ya ce, "Wa ya taɓa komawa tsohon rediyo?" Mutumin kirki ne, amma gaggawa ta yi masa yawa, ga son a ce ya iya.

Motar zaɓin Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, mai shekara goma sha shida, wadda ita kaɗai ta rage musu a gida. Ranar saye ƙananan motoci biyu suka tarar a wurin dillali, fara da mai ruwan toka. Auta ta shiga bayan kowacce, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga hannu ta taɓa rufi, ta ƙwanƙwasa gaban motar da yatsa.

"Baba, farar nan a ido kawai take da kyau," in ji ta. "Gabanta busasshiyar roba ce, kuma gwiwata tana dukan kujerarka. Waccan ta fi fili a baya, kujerunta sun fi laushi, Umma ba za ta riƙa sunkuyar da kai ba."

"Rediyonta fa? Na zamanin kakanni ne, maɓallai kamar haƙoran tsoho."

"To ai kai ne likitansa."

Wannan maganar ta fasa masa kai. Ya sayi mai ruwan tokar, kuma a yammar nan da muke magana, bai yi awa ɗaya ba ya fizge tsohon rediyon, ya jefa shi ɗakin ajiya kan tulin 'yan'uwansa, ya ɗora allo.

Ya fito ya kulle motar, makulli a aljihunsa, ya nufi famfo zai yi alwala. Sai ya ga hasken shuɗi ya bazu a bango. Ya waiwaya. Allon ya kunna kansa.

Ya tsaya da ruwa a hannu. Lasifikokin ƙofa suka fara shuuu, a hankali, sannan daga ƙarƙashin shuuu ɗin wata murya ta taso, muryar mace, tana gunguni irin na mai lallashin jariri. Ta yi shiru. Ta sake farawa. Da matarsa ta leƙo ta ce, "Baban Auta, wace ce?" sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Waya ce ta taɓa waya. Bari in cire kan batir."

Ya cire. Washegari da magariba, batir a cire, allon ya sake kawo haske.

A wannan yammar aka fara jifa. Ba duwatsu ba ne. Kusoshi ne da notina da guntayen waya, suna sauka kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, kamar mai ƙirga su. Ya haska saman gida, ya zagaya bayan katanga, babu kowa. Da ya tsinci ɗaya daga cikin guntayen ya duba, sai ya gane ta. Ja ce mai ratsin fari, kuma ya san bakin filayarsa a jikinta.

Rana ta uku suka nemi Auta a ɗakinta ba su gan ta ba. A ƙofar ɗakin ajiya suka same ta, tsaye, goshinta a manne da ƙyaure, hannuwanta a sake. Uwar ta kira ta sau uku. Da ta juyo, idanunta a buɗe suke amma ba su take kallo ba, kuma muryar da ta fito daga bakinta ta dattijuwa ce, mai kaushi, mai gajiya.

"Ina ka kai shi?"

Daga nan ta faɗi.

Asibiti suka fara kai ta. Aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba. Suka dawo da ita gida. Kwana huɗu ba ta ci ba sai ruwa da cokali, ba ta kira Umma ba, ba ta kira Baba ba. Da rana tana kwance kamar itace, da rana ta karkata sai ta tashi zaune ta fara wannan gungunin. Almakashi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya koma zama a bakin ƙofa yana kallon hannuwansa. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa sani ba, cewa yarinyar da ke zolayarsa kullum ta tafi ta bar masa gangar jiki.

Matarsa ce ta nemo wani malami. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ya iso bayan la'asar da ƙaramar jaka a hannu. Ya sa aka zaunar da Auta, uwar ta riƙe ta ta baya, ya fara karatu a hankali kusa da kunnenta. Da farko ba abin da ya motsa. Can yatsunta suka fara karkarwa, wuyanta ya sandare, ta saki wata ƙara da ta sa tagar ɗakin rawa.

"Ya isa! Ya isa, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Ba ruwanka da sunana. Shekara goma sha ɗaya ina cikin motar nan. Mutum uku suka mallake ta, ban taɓa ko ɗayansu ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shi ne." Hannun Auta ya ɗago ya nuna ubanta. "Ɗana yana barci cikin akwatin nan mai magana, saboda ɗuminsa. Ta muryar akwatin yake shiga, ta nan yake fita. Wannan ya zo da ƙarfensa, ba sallama, ba bismilla, ya yanke masa wuta. Akwatin ya rufe baki, ɗana yana ciki. Kwana bakwai ina jin numfashinsa yana raguwa."

Almakashi ya gane abin da take nufi. Irin waɗannan rediyoyin, da zarar an raba su da batir sai su kulle kansu saboda ɓarayi, ba sa sake buɗewa sai an danna musu lambar sirri.

"A fito mini da shi," in ji muryar. "Sannan a bar mini motar. Yarinyar kuma ina riƙe da ita shekara guda, in ga ko ɗana zai warke."

Malam ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, ya ɗan ƙara sauti. Auta ta riƙa murɗewa har uwar ta fashe da kuka.

"Na bar shekarar! Na bari!"

"Motar ma ba taki ba ce," in ji malam. "An zalunce ki bisa rashin sani, za a gyara. Ke kuma kin zalunci wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ɗanki yana fitowa, ki fita daga jikinta, ki fita daga gidan nan, ba dawowa. Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ni ya halicce ki."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na yi. Amma in ranar yau ta faɗi bai fito ba, ba zai ƙara fitowa ba. Ni ma a nan zan tabbata."

Malam ya dubi Almakashi. "Suna yawan ƙarya, amma abin da ta nema ba saɓo ba ne, kuma hannunka ne ya cire. Je ka mayar."

Ya ruga ɗakin ajiya. Rediyoyi sun fi arba'in a jibge, baƙaƙe, masu kama da juna, duk waɗanda ya cire wa mutane cikin shekaru. Ya riƙa ɗagawa yana ajiyewa, ƙura tana shaƙe shi, har hannunsa ya sauka kan wani ya janye da sauri. Duk sauran sanyi ƙalau suke. Wannan da ɗumi, kamar an ɗauko shi daga cinyar mutum.

Ya fizge sabon allon daga motar ya jefar kan kujera. Nan ya ga aikinsa. Wayoyi goma sha shida, ya datse su dab da gindin soket, abin da ya rage a jiki bai kai rabin farce ba. Da ya bi hanyar da abokan aikinsa suke bi, minti biyu ya ishe shi. Ya jona ƙarfen dalma, ya durƙusa, ya fara liƙa su ɗaya bayan ɗaya, ja da ja, rawaya da rawaya. Narkakkiyar dalma tana ɗiga masa a yatsu, yana jin ƙaurin fatarsa, bai tsaya ba. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin ya gama ta ƙarshe.

Ya mayar da kan batir. Fuskar rediyon ta kawo hasken kore, da layuka huɗu babu komai a kansu, tana jiran lamba. Dama uku take bayarwa, in an kuskure ta ukun ta kulle, sai dai a kai kamfani.

Katin lambar bai zo da motar ba. Amma a jikin rediyon ya ga wasu lambobi da aka rubuta da alƙalami, ya danna su nan take. Rediyon ya yi ƙara ɗaya, ya ƙi. Hali dai ba ya barin mai shi ko a irin wannan rana. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya ce a ransa wasu sukan yi amfani da ƙarshen lambar jikin mota, ya leƙa gilashi, ya danna. Ya sake ƙi.

Saura ɗaya. Ya zauna yana kallon layukan nan huɗu, gumi yana zuba masa a ido. Sannan ya tashi ya koma ɗaki.

"Malam, na ɓata biyu. Ban san lambar ba."

Kan Auta ya juyo a hankali. Abin da ya gani a fuskar ya sa ya ja da baya.

"Tsaya," in ji malam, ya ɗaga mata hannu. "Shekara goma sha ɗaya kika ce. Ba a taɓa canza batir a gabanki ba?"

"An canza. Sau uku."

"Me suka danna?"

"Ban san lamba ba." Muryar ta yi ƙasa. "Amma na ji ƙarar. Na riƙe yadda take tafiya. Ku kai ni."

Uwar ta ƙanƙame 'yarta ta ce a'a. Almakashi ya dubi taga, rana ta rage kamar faɗin tafin hannu. Damar ƙarshe ce, kuma zai miƙa ta ga abin da ya kwana huɗu yana cin 'yarsa. Bai ga wata hanya ba. Ya sunkuya ya ɗauki Auta, ya ji ta yi nauyi fiye da yadda ya san ta, ya kai ta kujerar gaba ya zaunar. Malam ya tsaya a bakin ƙofar motar, leɓɓansa suna motsi.

Yatsan Auta ya miƙe ya sauka kan maɓalli na farko. Ta danna sau biyu, domin yawan dannawa shi ne lambar. Na biyu, sau bakwai, a hankali, tana karkata kai tana sauraro. Na uku, sau ɗaya. A na huɗu ta danna sau huɗu ta tsaya, yatsan a sama. Ta ƙara ɗaya.

Layukan suka ɓace. Lasifikoki suka yi shuuu.

Cikin shuuu ɗin suka ji tari, ɗan ƙarami, sannan kuka siriri na yaron da ya gaji da kuka. Bakin Auta ya buɗe, wani dogon numfashi ya fita daga cikinta kamar ana sace iskar taya. Kujerar baya ta lotsa a wuri ɗaya, kamar an zauna an rungumi wani abu. Ƙofar baya ta buɗe da kanta. Kujerar ta taso ta koma daidai. Ƙyauren gida ya motsa sau ɗaya, shi ke nan, sai muryar wani mutum a rediyo yana karanta labarin yanayin gobe.

Auta ta zube a jikin ubanta. Ya riƙe fuskarta da hannu biyu yana kiranta, ba ta motsa ba. Uwar ta durƙusa a ƙasa tana salati. Malam ya shafa mata ruwa a goshi, ya ce su ba ta lokaci. Hasken rana ya gama janyewa daga katanga.

Sannan idanunta suka buɗe. Ta dubi uwarta, ta dubi dattijon da ba ta sani ba, ta dubi ramin da ke gaban motar da wayoyi a waje. Ta kamo hannun da ke kan kumatunta ta juya shi, ta ga yatsun duk sun ƙone sun yi bororo.

"Baba," ta ce, da muryarta, ƙarama, a dishe. "Me ya sami hannunka?"

Ya kifa kansa a kafaɗarta ya yi kuka kamar yaro, ita kuma tana riƙe da hannun, tana hura masa iska a yatsu.