Hular Kapitan Nasiba

Ranar da sojojin sama suka kawo jirage masu saukar ungulu Filinge don jama'a su gani, har daga Bonkuku mutane suka cika fili. Kowa Kapitan Nasiba yake jira, 'yar Damana, wadda za ta tashi da jirgi a gaban iyayenta.

Ana cikin kiɗa aka kira Insifekta Maidoki gefe.

"An ɗauke hular kwanona daga cikin jirgi," in ji Nasiba. "Da ita nake magana da na ƙasa. In babu ita, doka ta hana ni tashi."

Maidoki ya dubi mahaifiyar Nasiba can cikin rumfa, ta ci ado tana ta murmushi. Ya ce, "Kada kowa ya ji tukuna."

Ya fara da Zaidu, sojan da ke gadin jirgin.

"Ka gusa daga nan?"

"Ko taku ɗaya, Insifekta."

"To wannan kofin shayin da ke ƙarƙashin itacen bedi, da sunanka a bakin mai shayi fa?"

Zaidu ya sunkuyar da kai. "Kira na aka yi in sha a inuwa. Ban daɗe ba."

Mai shayi bai ɓoye komai ba. "Pilot ne ya ce in dafa ma sojan."

Duk Filinge an san Pilot. Sunansa Abdurrazak, mai shagon kayan babur, wanda ya yi shekara da shekaru yana ba majalisa labarin jiragen da ya tuƙa a ƙasar waje. Tun da aka sanar da bikin abokansa suka kafa masa tsiya, wai sai ya karɓi tuƙi sun gani da idonsu.

Maidoki ya same shi bayan rumfa yana ɗaure wani buhu a babur.

"Ina zuwa, Pilot? Ba a tashi ba."

"Gida. Tun safe ina masallaci, ban ko je kusa da jirgin ba. Ai yau ba tashi, tunda yarinyar ba ta da hula."

"Wa ya ce maka ba ta da hula?"

Maidoki ya nuna bayan babur ɗin.

"Kwance buhun."

Ga hular nan cikin dusa, wayarta a naɗe.

"Insifekta, ka rufa mini asiri," in ji Abdurrazak. "Ban taɓa shiga jirgi ba. Gadi na yi a ƙofar filin jirgi. Na ga in ta tashi, za su ce in hau."

"Sai ka zaɓi ita ta sha kunyar a gaban uwarta."

Aka sa masa ankwa. Maidoki da kansa ya karkaɗe hular ya miƙa wa Nasiba. Ta gwada ta, ta sara masa.

Suna hanyar motar komisariya ta 'yan sanda fukafukan suka fara juyawa. Ƙasa ta girgiza, jirgin ya ɗaga, guɗar matan ƙasar Kurfai ta kusa danne ƙarar injin.

Abdurrazak ya toge. "Don Allah, bari in gani."

Maidoki ya bar shi. Jirgin ya kewaya garin, ya dawo ya tsaya cak a sama bisa rumfar da tsohuwar take.

"Wallahi ta iya," in ji Abdurrazak a hankali.

"Ta iya," in ji Maidoki. "Shiga mota."