Duwatsun da Ba Su da Mai Amsawa

Ranar da abin ya fara babu wanda ya yi mugun mafarki, babu kare da ya yi kuka. Yamma ce kamar kowace yamma a Tungar Ƙirya, ɗan ƙauyen nan da ke maƙale tsakanin Illo da iyakar Benin. Rana ta yi ja ta zauna kan giginyun fadama, shanun Fulani sun wuce ta bayan gari, hayaƙin murhu ya kwanta kan danni, shingen karan da ya kewaye gidaje, ya ƙi tashi.

Na'Allah yana zaune a tabarma yana kallon sabon rumbunsa, irin kallon da ango ke yi wa amarya. Matarsa Dela tana kwasar tuwo. Ɗiyarsu ta fari, Mashkura, wadda ta zo gida goyon ciki, tana jingine da bango tana yanka kuɓewa, ta ɗora faranti a kan cikin tun da ya yi girman da zai riƙe shi.

Sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Ba ta yi tsalle ba. Ta gangaro a hankali, kamar ana riƙe da ita, ta sauka daidai gaban tabarma.

"Kai! Ɗan wa na wanga?" in ji Na'Allah, yana ɗaga murya ta kan danni. "In na taso, wallahi sai na ɗebe ma mutum kunne!"

Babu sawun gudu, babu dariyar yara. Ya ɗauki tsakuwar ya ji ta jiƙe sharkaf, da sanyi, alhali rabon garin da ruwan sama tun kafin a yanke gero. Ta biyu ba daga waje ta zo ba. Fitowa ta yi daga cikin ɗakin Dela, ɗakin da babu kowa, ta ratsa tsakar gida ta faɗi a gindin rumbu. Kaji suka shige akurki da kansu. A cikin shirun nan ne wata murya ta tsoho, can ƙasa, ta ce, "Na'am."

Na'Allah ya juya. "Wa kinka amsa ma?"

"Ban amsa ma kowa ba, Baba," in ji Mashkura.

"Na'am," muryar ta sake. Daga ƙarƙashin rumbu take fitowa, inda ko akuya sai ta rusuna.

To, a nan sai an ɗan koma baya, don Na'Allah ya san abin da ke ƙarƙashin rumbunsa, ko da yake a daren nan ya rantse wa Dela bai sani ba.

A bakin hanyar da ta fita gari akwai wata tsohuwar kaɗanya. Nan ne babbar mota ta tsaya ta kwashi samarin Tungar Ƙirya zuwa yaƙin Bama na zamanin Turawa, nan kuma wata ta sake tsayawa lokacin yaƙin basasa. Waɗanda ba su dawo ba, ba a ga gawarsu ba balle a yi musu kabari. Sai kowane gida ya kawo dutse ya ajiye a gindin kaɗanyar. Babu rubutu a jikinsu, kowa ya san nasa. Duk shekara in an gama girbi gari ya taru, mai gari ya kira mamatan ɗaya bayan ɗaya, wani daga gidan mamacin ya amsa masa "Na'am", a yi addu'a, a raba waina. Ba a amsa wa mamacin wani gida. Tsofaffi sun ce wanda ya yi haka ya sa kansa a layinsu, wata rana shi ma za a kira shi.

Akwai duwatsu huɗu a gefe waɗanda mutanensu suka ƙare. Wasu sun mutu, wasu sun ƙaura Benin ba su waiwayo ba. In an kira su sai a yi shiru, mai gari ya yi tari ya wuce. Daga baya ma aka daina kiransu.

Shi kuwa Na'Allah mutum ne mai son gajeriyar hanya. Ƙasar fadama ba ta da dutse, sai an je tudu da amalanke, rumbu kuma ba ya tsayawa sai a kan duwatsu. Ya yi lissafinsa irin na masu wayo: abin da babu mai amsa masa, babu mai kuka a kansa. Da tsakar rana, kowa yana gona, ya je ya lallaɓo su.

Tun daga yammar da tsakuwar nan ta faɗo, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta karkata sai jifa, a hankali, ba ta samun kowa, ba ta kuma fasawa. Sai muryar ta amsa kiran da babu wanda ya yi. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Mai tallan nono ta canza hanya. Na'Allah ya gaya wa mutanen masallaci wai gafiya ce. Liman ya ce shi dai bai taɓa jin gafiya mai ladabin amsa kira ba.

Sannan abin ya bar rumbu ya koma kan Mashkura.

Wata la'asar tana tsince shinkafa sai ta miƙe tsaye, ta haɗa dugaduganta, ta sauke hannuwa a gefe, ta ɗaga haɓa. Farantin ya kife. Ta tsaya ƙyam a tsakar gida, ido a buɗe ba ƙiftawa, ga ciki a gaba. Aka yi magana, aka ja hannu, aka yayyafa ruwa. Maza biyu suka kasa lanƙwasa gwiwarta. Sai bayan sallar isha ta zube kamar an tsinke igiya. Washegari haka, jibi haka. Ƙafafunta suka kumbura har fatar tana ƙyalli. Dela, wadda kunyar ɗiyar fari ba ta taɓa barinta ta faɗi sunan yarinyar ba, ta durƙusa a gabanta tana kira, "Mashkura! Mashkura!" Wanda ya amsa mata ba Mashkura ba ce.

Ungozoma ta zo ta shafa cikin, ta kara kunne, ta daɗe. Da ta ɗago ba ta dubi kowa ba.

"Yaushe rabon da shi motsa?"

Dela ta hau ƙirga kwanaki da yatsu. Na'Allah yana bakin ƙofa yana jin su. Bai tsaya neman hula ba, ya hau babur ya nufi Kende wurin Malam Abdulrashid, wanda aka sani da yi wa masu iska karatu.

Malam Abdulrashid ɗan siriri ne, ba ya gaggawar magana. Ya iso bayan azahar, ya zagaya gidan, ya tsaya gaban rumbu ya daɗe yana duban ƙasansa. Ya dubi Na'Allah. Na'Allah ya dubi sama.

Da la'asar ta yi, Mashkura ta miƙe ta ƙame yadda ta saba. Malam ya sa aka zuba habbatus sauda a garwashi, ya zauna a gabanta ya fara karatu, murya ƙasa ƙasa. Hayaƙi ya tashi ya tsaya a tsakaninsu. Iska ta ɗauke. Ko ganyen dalbejiya bai motsa ba. An jima sai leɓɓanta suka buɗe.

"Isa haka nan, ɗan Kende. Kana ƙona ni."

Muryar rumbu ce. Dela ta toshe baki da gyale.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ina cikin kaɗanyar nan tun ba a sari itacen garin ga ba. A gabana sunka hau mota, suna dariya, wani ma da rake a hannu. A gabana anka aje duwatsu."

"Mi ya haɗa ka da wagga yarinya?"

"Tambayi ubanta mi ad ɗauke da geronai."

Duk tsakar gidan aka juyo. Na'Allah ya buɗe baki, ya ce, "Ai... ba su da kowa."

Kan Mashkura ya juyo gare shi a hankali, jikin bai motsa ba.

"Suna da ni. Shekarar da anka kira Ma'azu ɗan Hussaina gari yai shiru, kunya ta kama ni a madadinku, na amsa. Kunka ce iska ta. Da kunka bar kiransu, ni ka kira, ni ka amsawa. Ma'azu. Abbas Dogo. Gado mai kalangu. Muhammad Sani, wanda ko gemu bai tsiro ba. Yanzu an ɗora musu gero a ka."

"Abin da ke cikinta fa?" in ji Malam.

"Shina nan. Na tsai da shi kamar yadda ni tsai da uwar. Soja ba shi motsi sai an sallame shi."

Na'Allah ya ja da baya. Ya dafa bango.

"Mi kaka so ka hita?" in ji Malam.

"Baƙin bunsuru, a zuba jinin a gindin kaɗanya."

"Ba a yanka ma kowa sai Allah. Faɗi wani."

"To a bar min yarinyar. Tana da murya."

Malam ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, ya ɗan ɗaga murya. Jikin Mashkura ya hau rawa, gumi ya keto mata, muryar ta yi wani gurnani da ya sa jakin maƙwabta ya tsinke igiya.

"Tsaya! Tsaya, ɗan Kende!"

"Ba jini kaka so ba, ba yarinya ba," in ji Malam. "Ka gaji na. Faɗi gaskiya."

Da muryar ta dawo ta yi laushi, kamar ta tsohon da ya sha tafiya.

"Na gaji. Ba nawa ba na, naku na. A mai da su inda anka ɗauko su, gobe kahin rana ta faɗi. A kira su gaban gari. Wanda ya ɗauke su shi amsa musu da bakinai, bana da baɗi, har ƙarshen ranai. In na ji, in sallami na ciki, in ƙetare iyaka in bar muku garinku."

"Ka hita daga jikinta yanzu."

"Ni hita. Amma ina bisa kaɗanya ina saurare."

Mashkura ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale, Dela ta tare ta. Ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa." Aka ba ta ruwa. Dela ta ɗora tafin hannu a kan cikin, ta jira, ta girgiza kai.

A zaure Na'Allah ya kama hannun rigar Malam. "Malam, ka san abin da aka cewa ga wanda ya amsa ma mamacin wani."

"Na sani. Ajali na hannun Allah, ba hannun dutse ba. Mamaci addu'a shika so. Amma kai ka ɗauko, kai ka mayar."

"In kuma maganar tsohhi gaskiya ta?"

"To sai ka zaɓa," in ji Malam, ya sa takalmansa.

Ba a cire dutse daga ƙarƙashin cikakken rumbu. Da gari ya waye Na'Allah ya kwashe damman gero ya zube a tsakar gida, ya ɗauki gatari ya fasa rumbun da hannunsa. Babu wanda ya ba shi aron amalanke, ko jakin ma an ce ba shi da lafiya. A ka ya ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar gari, mata suna leƙe ta kan danni. Kafin ya kai na ƙarshe wuyansa ya sage, rana kuma ta fara ja.

Gari ya taru a gindin kaɗanya, amma an bar fili tsakaninsu da shi. Mashkura tana zaune can baya a kan tabarma, Dela na riƙe da ita. Mai gari ya gyara rawani, ya dubi rana, ya dubi reshen da ke kansa, ya matsa gefe kaɗan.

"Ma'azu ɗan Hussaina!"

Shiru. Na'Allah ya tsaya shi kaɗai gaban duwatsun. Ya ji idon gari a bayansa, ya ji wani idon a sama. Wani busasshen ganye ya faɗo a kafaɗarsa ya zauna. Ya waiwaya ya hango ɗiyarsa, hannuwanta biyu a kan cikin da ba ya motsi.

"Na'am," in ji shi. Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Abbas Dogo!"

"Na'am."

"Gado mai kalangu!"

"Na'am!"

"Muhammad Sani!"

"Na'am! Shina nan! Gidana shike!"

Gefen rana ya taɓa giginya. Babu wanda ya yi tari. Sai kaɗanyar ta girgiza tun daga sama har ƙasa, alhali babu iska, wani abu ya bi ta kan gonakin dawa ya nufi yamma, karan suna kwantawa a bayansa. Can baya Mashkura ta yi ƙara ta dafe gefen ciki.

"Ya motsa!" Dela ce ke ihu, tana kuka tana dariya. "Wallahi ya shure ni! Ya motsa!"

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mutane suka watse da sauri, kowa yana tuna yana da alwala. Na'Allah ya tsaya shi kaɗai yana gyara zaman dutsen ƙarshe, duhu yana tarowa daga fadama. Ya miƙe zai tafi ke nan, sai daga bayansa, kusa ƙwarai, a hankali, da ladabi, aka ce:

"Na'Allah."

Ya sa hannu biyu ya damƙe bakinsa. Bai waiwaya ba. Haka ya shiga gari, haka ya wuce masallaci, haka ya isa gida.

Mashkura ta haifi namiji lafiyayye, mai shuri kamar jaki. Duk kaka Na'Allah ne kan gaba a gindin kaɗanya, da kwanon wainarsa, yana amsa wa mutum huɗu. Amma in rana ta faɗi, ko jikan nan nasa ne ya kira shi daga bayan danni, ba ya cewa uffan sai ya zagayo ya ga fuska.