Kwamfutar da Ke Yi wa Seok Karatu

Da hantsin Juma'a aka kira Sufeto Byeon Mi-ran, aka ce an tsinci gawa a ƙasan matakalar wani kamfanin zanen jiragen ruwa a birnin Changwon. Yeom Da-eun ce, mai kula da kwamfutocin kamfanin. Hannun rigarta ya yage, alamar wani ya riƙe ta kafin ta faɗi.

Manajan kamfanin, mai suna Ok, ya tarbi Sufeto yana sharce gumi. Ya ce marigayiyar ba ta da abokin faɗa, in ban da gunagunin da ake yi kan sabunta manhaja. An bar wa kowane ma'aikaci ya sabunta tasa da kansa, sa'ad da ya ga dama. Wanda bai yi ba, ƙarfe sha biyun yau kwamfutarsa za ta sabunta kanta dole, ta goge duk abin da ba kamfani ne ya saka ba.

"Dakatar da sabuntawar dolen," in ji Sufeto.

"Marigayiyar kaɗai ta san mabuɗin sirrin, ranki ya daɗe."

Ta ce to a kashe kwamfutocin duka. Ya ce sai da takardar kotu, don yau za su miƙa zanen wani jirgi. Ta dubi agogo. In wani na ɓoye wani abu, kafin abincin rana ya goge.

Ta shiga kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa na rantsuwar ya sabunta tuntuni. Sai da ta ɗaga murya sannan wata mai zane ta ce jiya ta ji dattijo Seok Byeong-cheol yana roƙon Da-eun ta ƙara masa lokaci.

Seok shi ke duba kowane zane, kuma sai ya sa hannu ake ƙera jirgi. Sufeto ta same shi a teburinsa, da abin sauraro a kunne ɗaya. Ya ce shi tun Laraba ya sabunta, kuma yau ko ganin yarinyar bai yi ba.

Ta miƙa masa katinta. Hannunsa ya wuce gefe, sai da ya lalubo.

Suna cikin magana wani jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Seok bai ko motsa ba.

"Baba, me aka rubuta nan?"

"Aikin ofis ne, 'yata."

Ta zare wayar abin sauraron. Wata murya ta fito daga kwamfutar, kowa na ji: "Gargaɗi na ƙarshe. Ba a sabunta wannan kwamfuta ba." Sufeto ta yi wuf ta kashe kwamfutar kafin ta goge komai.

Seok ya cire abin sauraron daga kunnensa. Ya ce ganinsa ya soma dushewa tun bara, ya saka manhajar da ke karanta masa rubutu a ɓoye. Da ita yake aiki, in aka goge ta asirinsa ya tonu. Da safe ya tare Da-eun a matakala ya faɗa mata gaskiya. Ta yi kuka, amma ta ce ba za ta yi shiru ba, mutane ne za su hau jiragen nan.

"Na kama hannunta ne don in roƙe ta. Ta fizge. Wallahi ban ga bakin matakalar ba. Faɗuwarta kawai na ji."

"Kuma ka dawo ka zauna?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tebur.

Sufeto ta juya ga manaja, ta ce duk zanen da Seok ya sa wa hannu tun bara a sake duba shi. Manaja ya zube a kujera, ya dafe kai.

Ba ta sa wa dattijon ankwa ba. Ta kama gwiwar hannunsa, tana faɗa masa inda zai taka har suka isa mota.