Jatau da Man Ƙosai

A wani gari can an yi wani direba, Jatau, wanda ba a gaya masa magana. Ya ji ana sarrafa tsohon man suya ya zama man mota, sai ya karɓo na Iya mai ƙosai.

Iya ta ce, "Ɗan nan, masu yin sa sai sun tace shi, sun haɗa shi da magani."

Ya ce, "Iya, wannan aikin marasa basira ne."

Ya tuttula shi a tanki, ya ɗauki tumatirin mutane zai kai kasuwa. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta mace a daji. Tumatir ya ruɓe.

Da Jatau ya dawo a ƙasa, sai ya ce, "Man lafiyarsa ƙalau, motar ce ba ta saba cin daɗi ba."