Ƙusoshin Layin Baba

Da almuru wani maƙeri ya ɗauki buhu da ƙarfen ɓanɓara ya nufi tsohuwar tasha. Tun da jirgin ƙasa ya daina zuwa, garin ya mutu a tsaye, shi kuwa gogan ya gano ƙusoshin layin dogo na yin fartanya mai kyau. Da rana kunya ba ta barinsa, domin wannan yankin marigayi ubansa ya ƙare rayuwarsa yana dubawa, kuma har gobe tsofaffi na cewa ƙusa ɗaya ba ta taɓa yin sako-sako a hannunsa ba.

Yana durƙushe yana ɓanɓara sai warin hayaƙin jirgi ya buge shi. Hayaƙi kuma? A layin da ciyawa ta cinye?

Sai ƙarar guduma a kan ƙarfe. Tana matsowa.

Ya faɗa bayan tsohon tankin ruwa, buhu a ƙirji. Leburori ne a jere, ƙafafunsu ba sa motsa tsakuwa. Shugabansu dogo ne har ya wuce rufin tasha, riƙe da fitilar da ba ta haska komai. A bayansa wani tsoho yana ɗingishi, yana ƙwanƙwasa ƙusa bayan ƙusa.

Maƙerin ya san ɗingishin nan, na ubansa ne.

Gudumar tsohon ta faɗa ramin ƙusar da aka cire. Shiru.

"Yankin wa ne?" in ji dogon, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji tsohon.

"Wa ya cire?"

Buhun ya zame. Ƙusoshi suka yi ƙara.

Tsohon ya juyo. Ya dubi buhun, ya dubi ɗansa, ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa. Sakacina ne."

Dogon ya miƙa hannu ya karɓe gudumar. Tsohon ya cire hularsa ta aiki, ya koma ƙarshen sahu kamar sabon lebura.

Maƙerin ya so ya ce ni ne, wallahi ya so. Ƙafafu ne suka yi aiki, bai tsaya ba sai da ya faɗi a ƙofar gida.

Da safe ya mayar da abin da ke buhu, ya ƙera sababbi ya cike sauran ramukan. Yanzu kullum da almuru yana zaune a tashar, kunya na cinsa. Leburorin na wucewa, yana jinsu, amma a bayan dogon wani ne daban yake ƙwanƙwasawa.